Barin Canji a Kanti ko Kai Sadaka da Kanka: Wanne Ya Fi?

Duk wanda ya saba sayayya a manyan kantuna ya san ɗan lokacin nan da ke zuwa bayan an gama lissafa kaya, kafin na'ura ta fitar da rasit. Ka miƙa katinka ko ka zaro kuɗi, sai allon na'urar ya nuna maka tambaya da maɓallai biyu, ko kuma ma'aikaciyar da ke karɓar kuɗi ta ɗago kai ta ce, “Yallaɓai, za a cika canjin a taimaka wa yara marasa lafiya?” A bayanka akwai layin mutane, kowa riƙe da kwandonsa yana jiran ka matsa, wanda ke dab da kai kuma ya ji tambayar sarai, yana kuma jiran ya ji amsarka. Cikin daƙiƙa biyar ake so ka yanke hukunci a kan abin da, da a gida aka kawo maka shi a rubuce, sai ka kwana kana nazari. Ni kaina na ɗauki shekaru ina danna maɓallin amincewa ba tare da na tsaya tunani ba, har ranar da na zauna ina tattara tsofaffin rasit don wani lissafi dabam, na ga layin gudummawa a jikin da yawa daga cikinsu, na nemi in tuna sunan ƙungiya ko da guda ɗaya da na bai wa waɗannan kuɗaɗe, na kasa. Tun daga ranar na soma auna wannan hanya da sauran hanyoyin da mutum yake da su na fitar da sadakarsa.

Abin da ake kira sadakar wurin biyan kuɗi ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancin yana da muhimmanci ga mai zaɓi. Akwai cika canji, wato a ɗaga kuɗin sayayyarka zuwa cikakken adadi na gaba a tura ragowar ga wata ƙungiya. Akwai ƙayyadadden adadi da allo ke nunawa, ka zaɓi ɗaya daga cikin biyu ko uku. Akwai tsohon akwatin nan na gilashi ko roba da ake ajiyewa a gefen na'ura don jefa tsaba. Akwai kuma inda ake ce maka ka sayi wani kaya daga cikin kantin ka ajiye a kwandon mabukata. Na ƙarshe shi ne inda kamfani ke alƙawarin cire wani kaso daga kuɗin cinikinsa ya bayar, ba tare da an ƙara maka ko sisi ba. Huɗun farko daga aljihunka kuɗin ke fita, na biyar kaɗai ne daga aljihun kamfani.

Wanda ya raina wannan hanya saboda ƙanƙantar abin da ake bayarwa bai duba jimilla ba. Wata ƙungiya a Amurka mai suna Engage for Good, wadda ke bin diddigin irin waɗannan kamfe, ta ƙirga cewa a shekarar 2022 manyan kamfe 77 sun tara fiye da dala miliyan 749 daga hannun masu sayayya. Kantunan Walmart sun soma tara wa asibitocin yara na Children's Miracle Network kuɗi tun 1987, kuma abin da suka tara ya haura dala biliyan ɗaya. A Birtaniya ƙungiyar Pennies ta mayar da akwatin tsaba ya koma cikin na'urar kati tun 2010, a Jamus an ƙaddamar da shirin Deutschland rundet auf a 2012 inda abin da ake ƙarawa ba ya wuce santi 10 (santi ɗari ne ke yin yuro ɗaya ko dala ɗaya), a Faransa ana kiran abin L'Arrondi, a Meziko kuma kantunan OXXO sun daɗe suna yi. Da yayyafi kogi kan cika, kuma a nan an ga kogin da ido.

Babbar hujjar da ke goyon bayan barin canji, wadda masu sukar ta ba su cika ambata ba, ita ce arhar tattarawa. Tara kuɗin agaji yana cin kuɗi. Ƙungiyar da ke neman taimako sai ta biya masu buga waya, ta buga wasiƙu, ta sayi talla, ta ɗauki masu tsayawa a bakin titi, kuma duk wannan daga cikin gudummawar ake cirewa. Kanti kuwa ya riga ya mallaki na'ura, ya riga ya ɗauki ma'aikata, jama'a kuma da ƙafarsu suke zuwa. Sannan akwai batun cajin kati. Kamfanin Stripe, ɗaya daga cikin masu sarrafa biyan kuɗi ta intanet, farashinsa na yau da kullum a Amurka shi ne kashi 2.9 cikin ɗari da ƙarin santi 30 a kan kowace hulɗa. Idan mutum ya ce zai tura santi 50 shi kaɗai ta irin wannan hanya, fiye da santi 31 ya tafi a caji, ƙungiyar ta tsira da abin da bai kai santi 19 ba. Amma idan santi 50 ɗin ya hau bayan cinikin da dama za a yi, cajin nan na santi 30 an riga an biya shi a kan kayan, sai ɗan kason da ke kan ƙarin kawai. Ke nan ga ƙaramin kuɗi ƙwarai, babu wata hanyar kati da ta kai wannan sauƙi, domin albarkacin kaza ne ƙadangare ke shan ruwan kasko.

Sai dai wannan hujja tana rauni da zarar kuɗin ya taru. Mu ɗauka mutum yana sayayya sau biyu a mako, kuma kowane karo yana cika canji zuwa dala ta gaba. A matsakaici hakan kusan santi 50 ne, wanda a shekara, wato sau 104, ya kama dala 52. Da zai tura santi hamsin-hamsin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ta intanet, fiye da dala 32 ne za su salwanta a caji. Amma da zai tara su ya tura dala 52 a dunƙule sau ɗaya, cajin bai kai dala 2 ba, kuma idan ta banki kai tsaye ya tura, galibi abin da ake cirewa ya fi haka ƙanƙanta. Saboda haka arhar da ake yaba wa kanti arha ce idan an gwada ta da tura tsaba warwatse. Idan aka gwada ta da gudummawa ɗaya da aka shirya, ratar ta kusan ɓacewa. Tambayar da ta rage ita ce ko mutum zai tara ɗin da gaske ya tura, kuma zan dawo kanta domin a nan ne da yawanmu muke yaudarar kanmu.

Akwai wata magana da ta yaɗu a kafafen sada zumunta, cewa kantuna suna karɓar canjin jama'a ne don su gabatar da shi a matsayin kyautarsu, a rage musu haraji. A Amurka, inda maganar ta fi yawo, doka ba ta ba da damar haka ba. Kantin ɗan aike ne kawai tsakanin mai saye da ƙungiya, kuɗin ba ya cikin ribarsa, don haka ba shi da hurumin neman rangwame a kansa. Mai sayen ne ke da wannan haƙƙi idan ya adana rasit ɗinsa kuma ya cika sharuɗɗan hukumar haraji. Kamfani yana samun rangwame ne a kan abin da ya bayar daga dukiyarsa. Wanda yake ƙin bayarwa saboda wannan zargi kaɗai, ya kafa hujjarsa a kan abin da ba haka yake ba.

Abin da kanti ke samu da gaske shi ne suna. A ƙarshen kamfe za a buga wani ƙaton ceki na kwali, shugabannin kamfani su riƙe shi a gaban masu ɗaukar hoto, a rubuta cewa kamfani kaza ya tara miliyan kaza, alhali mafi yawan kuɗin daga aljihun mutanen da ke tsaye a layi ya fito. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Wani zai ce ai ba komai, tunda yaron da ke kwance a asibiti ba ruwansa da wanda aka ɗauka hoto, kuma akwai gaskiya a cikin hakan. Amma wani lokaci batun yakan wuce suna. A 2022 an shigar da ƙara a Niyok a kan kamfanin kantunan magani na CVS, inda mai ƙarar ya yi zargin cewa kamfanin ya riga ya yi wa ƙungiyar masu ciwon sukari ta Amurka alƙawarin dala miliyan 10, sannan ya riƙa amfani da gudummawar masu saye wajen cika wannan alƙawari. Kamfanin ya musanta cewa ya yaudari kowa, ya ce yarjejeniyar ita ce jama'a su tara, shi kuma ya cike giɓin idan abin da aka tara bai kai adadin ba. Ko da an ɗauki bayanin kamfanin yadda yake, mai bayarwa yana da abin lura a nan: a irin wannan tsari, matuƙar ba a kai adadin da aka yi alƙawari ba, kowace dala da ka bayar tana rage abin da kamfanin zai cike ne, ba ta ƙara abin da ƙungiyar za ta karɓa. Wannan ya sha bamban da tsarin da kamfani ke cewa duk abin da ka bayar zai ƙara kwatankwacinsa daga aljihunsa, inda dalarka ke zama biyu. A allon na'ura kuwa tsarin biyu kama ɗaya suke yi, kuma ma'aikaciyar da ke tambayarka da wuya a ce an yi mata bayanin wanne ne.

Inda bayarwa kai tsaye ta yi wa barin canji nisa shi ne wajen zaɓi. A wurin biyan kuɗi an riga an zaɓa maka ƙungiya, kuma kamfani yana zaɓen wadda ba za ta jawo masa ce-ce-ku-ce ba, wadda sunanta sananne ne, wadda aikinta ke taɓa zuciya cikin jimla ɗaya: yara marasa lafiya, masu fama da yunwa, dabbobin da aka yasar. Waɗannan ayyuka ne na alheri, ba na musun haka. Amma ƙananan ƙungiyoyi da ba su da ofishin hulɗa da kamfanoni, da ayyukan da ba su da daɗin faɗa, kamar kula da masu taɓin hankali, ko waɗanda suka fito daga gidan yari, ko gyaran hanyoyin ruwan sha, ba su cika samun gurbi a allon ba. Wanda ya zauna a gida kuwa yana iya buɗe rajistar hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales ya ga rahoton kuɗin ƙungiya na shekara-shekara, ko ya duba takardar bayanan kuɗi mai lamba 990 da ƙungiyoyin Amurka ke miƙa wa hukumar haraji, ko ya karanta binciken cibiyoyi irin su Charity Navigator da GiveWell, wadda aka kafa a 2007 musamman don gano inda kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Abin da irin wannan bincike ya sha nunawa shi ne cewa tazarar da ke tsakanin ƙungiya da ƙungiya wajen amfanin kowace dala tana da faɗi ƙwarai, ta fi duk wani cajin kati da muka lissafa a baya. Wanda ya damu da santi 30 na caji amma bai damu da inda sauran kuɗin suka nufa ba, ya tsare ƙofa ne ya bar katanga a rushe.

Daga ɓangaren ƙungiyar ma akwai bambanci. Mai cika canji baƙo ne da ba a san sunansa ba, ba za a iya gode masa ba, ba za a iya aiko masa da rahoton abin da aka yi ba, kuma ranar da kamfanin ya sauya ƙungiyar da yake tara wa kuɗi, shi ke nan an rabu. Wanda ya yi rajistar bayar da wani adadi duk wata kuwa, ƙungiya tana iya ɗora kasafinta a kansa, ta ɗauki ma'aikacin jinya ko ta kama hayar gini da sanin cewa kuɗin zai zo. A Birtaniya akwai ƙarin dalili, domin a ƙarƙashin tsarin Gift Aid, idan mai biyan haraji ya bayar da fam 100 ya kuma cika takardar shaida, ƙungiyar tana karɓar ƙarin fam 25 daga gwamnati. Tsabar da aka bari a na'urar kanti galibi ba ta samun wannan ƙari, tunda babu suna babu shaida.

Game da sayen kaya a ajiye a kwandon mabukata, maganar gajeriya ce. Ka saya a farashin ɗai-ɗai, kanti ya ci ribarsa, alhali rumbunan agaji suna saye ne a farashin sari kuma su suka san abin da ya ƙare musu. Kuɗin da ka kashe zai fi auki idan su ka miƙa wa. Shi kuma tsarin da kamfani ke cire kaso daga cinikinsa, ba ya cin ka komai, amma kada ka ɗauka ka yi wani abin a zo a gani. Shirin AmazonSmile, wanda ya yi aiki daga 2013 har aka rufe shi a watan Fabrairun 2023, rabin kashi ɗaya cikin ɗari yake bayarwa, wato sai ka yi sayayyar dala 1,000 kafin ƙungiyarka ta sami dala 5.

Yanzu ga batun da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya, wato matsin lamba. Masana tattalin arziki uku, James Andreoni da Justin Rao da Hannah Trachtman, sun yi wani gwaji da masu tara wa ƙungiyar Salvation Army kuɗi a ƙofofin wani babban kanti kusa da birnin Boston, aka wallafa sakamakon a 2017. Wani lokaci masu tarawar suna tsaye ne shiru suna kaɗa ƙararrawa, wani lokaci kuma suna buɗe baki su roƙi masu wucewa. Da aka buɗe baki aka roƙa, abin da ake bayarwa ya ƙaru sosai, amma kuma mutane da yawa suka riƙa zagayawa ta wata ƙofar don kada a tambaye su. Ma'ana, roƙo ido da ido yana fitar da kuɗi, kuma mutane sun san yana fitarwa, shi ya sa suke gudunsa. A wurin biyan kuɗi kuwa babu wata ƙofar da za ka zagaya, dole ta nan za ka bi. Wannan ne sirrin nasarar tsarin, kuma shi ne aibinsa. Cikin masu danna amincewa akwai wanda ya bayar da zuciya ɗaya, akwai wanda kunya ta sa shi, akwai kuma wanda ya ƙirga kuɗinsa daidai da kayan da ya ɗauka, ya mayar da abu ɗaya ko biyu kan kanta saboda ba su isa ba, sannan aka tambaye shi a gaban jama'a ko zai taimaka wa mabukata. Na taɓa tsayawa a bayan wata dattijuwa da hakan ta faru da ita. Ta dubi tsabar da ke tafin hannunta, ta dubi ma'aikaciyar, ta ce, “'Yata, bari dai sai wani jiƙon,” da muryar mai ba da haƙuri, kamar ita ce ta yi laifi. Ma'aikaciyar ta ce, “Ba komai, Mama,” ta sunkuyar da kai, kuma a fuskarta na ga ita ma ba da son ranta ta yi tambayar ba.

Wannan ma'aikaciya ta cancanci a yi mata adalci. Ba ita ta tsara kamfen ba, umarni aka ba ta, kuma a wasu kantunan ana ƙirga yawan waɗanda kowane ma'aikaci ya shawo kansu, ana gasa tsakanin rassa. Duk wanda ya fusata da tsarin, ofishin kamfani ya kamata ya rubuta wa. Sauke fushi a kan wadda ke maimaita tambaya ɗaya sau ɗaruruwa a yini zalunci ne a kan wanda ba shi da ta cewa. Ta wannan fuska tambayar da allo ke yi shiru ta fi ta baki mutunci, tsohon akwatin tsaba kuma ya fi su duka, domin shi ba ya kallon kowa.

Akwai kuma hanya ta uku wadda ta girmi kanti da ƙungiya duka, wato ka miƙa wa wanda ka sani hannu da hannu: maƙwabcin da aka kwantar da ɗansa, ɗalibin da kuɗin jarrabawa ya gagara, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. A nan babu caji, babu ofis, babu ɗan aike, kuma gani ya kori ji. Raunin wannan hanya shi ne ba ta wuce inda idonka ya kai, kuma ba ta iya sayen na'urar asibiti ko kai agaji inda girgizar ƙasa ta afka, domin waɗannan sai an haɗa kuɗin dubban mutane. Takan kuma bar nauyi a wuyan wanda aka bai wa, ya riƙa sunkuyar da kai duk lokacin da kuka haɗu, abin da sadakar da ba a san mai ita ba ta kuɓuta daga gare shi. Ga Musulmi mai fitar da zakka akwai ƙarin abin kiyayewa: zakka tana buƙatar niyya, kuma Alƙur'ani a aya ta 60 ta Suratut Tauba ya ƙayyade kashi takwas na waɗanda ake bai wa. Canjin da aka bari a na'ura ba tare da sanin inda zai sauka ba, a lissafin sadakar ganin dama ya kamata a saka shi, a bar zakka ga hanyar da mutum ya tabbatar.

Na yi alƙawarin dawowa kan yaudarar kai. Da yawa daga cikin masu cewa “ni na fi son in bayar kai tsaye” ba sa bayarwa kai tsaye. Jimlar ta zama musu hanyar tsira daga tambayar ne kawai. Idan mutum ya duba shekararsa da ta wuce ya ga babu wata gudummawa da ya shirya ya tura, to a wurinsa zaɓin na gaskiya tsakanin barin canji ne da rashin bayar da komai, kuma da babu gara ba daɗi. Yaudara ta biyu kishiyar ta farko ce, kuma ita ce ta kama ni. Mutum yakan danna amincewa sau da yawa har ya riƙa jin cewa shi mai yawan kyauta ne, sai wata buƙata ta gaske ta taso ya ji a ransa ai ya riga ya yi nasa, alhali idan aka tara abin da ya bayar a shekara bai kai abin da yake kashewa a sayayya guda ba. Yawan lokutan bayarwa yana ruɗar zuciya ta ɗauka yawan kuɗi ne.

To wa ya kamata ya zaɓi wanne? Wanda yake da abin bayarwa mai ɗan kauri, ko yake zaune a ƙasar da ake ƙara wa gudummawa kuɗi ko ake rage haraji saboda ita, ko yake son sanin abin da kuɗinsa ya yi, ya zauna a gida sau ɗaya a shekara ya yanke adadin da zai iya, ya zaɓi ƙungiya ɗaya ko biyu bayan bincike, ya ba bankinsa umarnin turawa duk wata, ya kuma ware wani kaso na hannu da hannu. Irin wannan mutum idan ya ce a'a a wurin biyan kuɗi ba shi da abin jin kunya, kuma babu wanda ke bin sa bashin bayani. Wanda ya san halinsa, ya san ba zai zauna ya yi wannan shiri ba, cika canji ya fi masa, musamman ƙaramin cikawa irin na Jamus da ba ya wuce santi 10, wanda ba zai girgiza kasafin kowa ba. Wanda kuwa kuɗinsa ke ƙarewa kafin wata ya ƙare, iyalinsa ne farkon masu haƙƙi a kan canjinsa.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne in riƙe shiryayyar gudummawa a matsayin ginshiƙi, in bar na kanti ya zama ƙari da nake yi idan sharuɗɗa sun cika. Ina duba ko an rubuta cikakken sunan ƙungiyar a allo ko a jikin takarda, domin “taimakon yara” kawai ba suna ba ne. Ina duba ko an faɗi cewa dukan kuɗin ne ke isa gare ta ko ana cire wani kaso na gudanarwa, sannan ko kamfanin yana ƙara nasa a kan namu. Idan yana ƙarawa, nakan bayar har fiye da canjin, tunda a nan kuɗina ya fi auki a kan in tura shi da kaina. Haka kuma idan wani bala'i ya auku aka buɗe asusun gaggawa da sunan ƙungiyar da na riga na sani, ba na jinkiri, domin a irin wannan hali sauri yana da daraja. Idan kuwa babu amsar ko ɗaya daga cikin waɗannan a inda ido zai gani, nakan ce wa ma'aikaciyar, “Na gode, ba yau ba,” in karɓi rasit ɗina, idan na isa gida kuma in nemi sunan kamfen ɗin a shafin kamfanin in karanta sharuɗɗansa kafin sayayya ta gaba.